Kawsan: Baƙon da aka gina wa fada a Agadas, yau fadar ta zama otal

Duk direban kamyo na Malanville da ya taɓa ɗaukar kaya daga Kwatano zuwa Arlit, kafin a rufe gada a 2023, ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. A haye zuwa Gaya, a bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tawa, Abalak, sai ga Agadas. In ka shiga tsohon garin, abin da ido zai fara kamawa shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, da itatuwa sun leƙo daga jikinta ta kowane gefe. Daura da masallacin akwai wani gini na jar ƙasa mai kaurin bango, wanda matafiya suka sani da Hôtel de l'Aïr, wato otal ɗin Abzin. Amma ba don otal aka gina shi ba. Fada ce da aka yi wa mutum guda, kuma zaman mutumin a garin gaba ɗaya bai cika wata uku ba.

Sunansa Kawsan, Faransawa suna rubuta shi Kaocen. Labarinsa da na gidansa nake so in kawo muku yau, jama'a, don ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu Hausawan da ke zaune a wannan gaɓa ta kogi.

Ɗan Damargu da ya girma a gudun hijira

An haifi Kawsan wajejen 1880 a ƙasar Damargu, arewa da Damagaram. Ba'abzine ne, daga dangin Ikazkazan. A wancan zamani Damargu ita ce rumbun Abzin. Ayari kan tafi Fachi da Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, ya sauko Damargu ya musanya da gero, wasu su zarce har Kano su sayo fata da turkuɗin Kura, wanda da shi Ba'abzine ke naɗa rawaninsa. Wannan ciniki ne ya haɗa Abzinawa da Hausawa tun kaka da kakanni, har ya zama in ka je kasuwar Agadas, Hausa za ka ji ana ciniki da ita. Rayuwar mutanen su Kawsan duka a kan raƙumi take. Ka riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin.

Yana saurayi ɗan shekara kamar 19 duniya ta juya. A 1899 rundunonin Faransa biyu suka shigo ƙasar. Ɗaya ta su Voulet da Chanoine, wadda ta biyo ta yamma, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, kuma ragowarta ce ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli. Ɗayar ta su Foureau da Lamy, wadda ta ratso hamada daga Aljeriya, raƙumanta suka ƙare a hanya, ta zauna a Agadas ta tare rijiyoyin gari har sai da aka ba ta dabbobi. Abzinawa sun gwada faɗa da takobi da mashi da garkuwar fata, suka ga yadda bindiga mai jigida ke zubar da jarumai tun ba su iso kusa ba.

Da yawa daga cikinsu suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara, suka yi hijira gabas, wajen Kanem, inda 'yan ɗariƙar Sanusiyya ke da zawiya a Bir Alali. Kawsan yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Faransawa suka ci Bir Alali a 1902, masu hijira suka ƙara nausawa arewa. A 1909 ya shiga Sanusiyya sosai, ya yi yaƙi a Ain Galakka da ke ƙasar Borku, cikin Cadi ta yau. Da aka matsa masa ya faɗa Darfur, ya sake dawowa, daga bisani ya wuce Fazzan, kudancin Libiya. A can ne sa'a ta zo masa. A ƙarshen 1914 mutanen ƙasar suka kori sojan Italiya daga Fazzan, Italiyawa suka gudu suka bar bindigogi da igwa da harsashi.

Shekara goma sha biyar ke nan yana yawo a ƙasashen mutane, ba gida ba gona. Abin da ya koyo a wannan yawo shi ya bambanta shi da jaruman da suka gabace shi. Ya gane cewa gaba da gaba da mai bindiga kashe kai ne, ko da al'adar gidansu na ganin ja da baya abin kunya. Ya koyi kwanton ɓauna, da jere soja, da sarrafa igwa. Ya kuma buɗe rundunarsa ga duk wanda zai iya riƙe bindiga, ɗan sarauta ne ko maƙeri ko bawa, abin da manyan Abzin da dama ba su ji daɗinsa ba.

Sarkin da Nasara suka amince wa

A can gida kuwa, Faransawa sun kafa bariki a Agadas tun 1906. A 1908 suka tuɓe sarkin da ke kai suka naɗa Abdurrahman Tagama Sarkin Abzin, suna ganin sun sami nasu. Tagama ya yi musu ladabi, ya tara musu haraji, ya bar su suka saki jiki. A ƙarƙashin ƙasa kuwa wasiƙu na kai da komowa tsakaninsa da Kawsan.

Me ya tunzura mutane haka? Na farko haraji. Na biyu raƙuma, waɗanda Nasara ke karɓa da ƙarfi don jigilar kayansu, a mayar da su a rame ko kuma kada a mayar sam. Na uku fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta kashe mutane da dabbobi ba adadi, amma ba a sassauta haraji yadda ya kamata ba. Sai kuma ga babban yaƙin Turawa ya ɓarke a 1914, Faransa ta ƙara matsa wa talakawanta neman soja da abinci da dabbobi.

Ba Abzin kaɗai ta ji a jika ba, kuma nan ne labarin ya taɓo mu. A 1916 Firhun ya yi tawaye a yammacin Nijar da gabashin Mali ta yau. A nan Dahome, Kaba ya tayar a duwatsun Atakora, Bio Gera ya tayar a Borgu, duk a kan ɗibar samari soja da aikin tilas da haraji. A watan Disamba na 1916 aka kashe Bio Gera kusa da Bembereke. A cikin wannan watan dai, can arewa, aka kewaye barikin Agadas. Ba su san juna ba, yarensu ba ɗaya ba, amma bulalar da ta dake su guda ce.

Kwana 80 a bakin bariki

Ranar 13 ga Disamba 1916 mutanen Tagama suka fito fili suka rufe hanyoyin bariki. Bayan 'yan kwanaki Kawsan ya iso daga arewa da sojansa da igwar da aka ƙwato daga Italiyawa, tare da ɗan'uwansa Muktar Kodogo. Dangogin Abzin suka yi ta kwararowa har mayaƙa suka haura dubu. A ƙarshen watan suka yi wa sojan da ke rakiyar ayarin gishiri daga Bilma kwanton ɓauna kusa da gari, suka kusa ƙarar da su. Ingal da sauran garuruwan Abzin suka koma hannunsu. Abin da ya rage wa Faransa a duk ƙasar shi ne 'yan tsirarun sojan da ke ƙunshe a barikin nan, ana yi musu ruwan igwa, sun ƙi miƙa wuya.

A wannan tsakanin ne gidan ya shigo labari. Takardun hukumar UNESCO sun sa 1917 a matsayin shekarar da aka gina shi, domin Kawsan, a zamanin Sarki Tagama. Ku dubi inda aka aza shi: daura da babban masallaci, kusa da fadar Sarkin Abzin, wato a cibiyar gari. Wanda ya zo hari ba ya gina soro, ganima yake kwasa ya ƙara gaba. A ganina, ginin nan sanarwa ce ga kowa cewa an zo zama ne, an zo kafa mulki. Kuma da aka tashi karrama mutumin da ya girma a tanti da bayan raƙumi, sai aka yi masa irin ginin da ake yi wa sarakunan ƙasar Hausa.

Yadda aka ɗaure rufin

Abin da ya fi shahara a gidan shi ne babban soronsa, wanda ya zama ɗakin cin abinci na otal. Na zauna a ƙarƙashin rufin nan da tsakar rana, waje ana zuba ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. In ka ɗaga kai sai ka ga bakuna sun taso daga ƙasa sun lanƙwasa sun haɗu a sama, suna gicciye da juna. Ba ƙarfe ko ɗaya, ba siminti.

Yaranmu da suka tashi cikin bulo da kwano ba su san yadda ake wannan aiki ba, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Bangon da tubali ake tayar da shi, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka mulmula da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, aka shanya a rana. Ana jera shi sahu-sahu ana cike tsakani da laka. Gindin bango ya fi samansa kauri nesa, shi ya sa ginin ke tsayawa daram. Kaurin nan ne kuma ke shanye zafin rana ya hana shi shiga sai dare, lokacin da ake bukatarsa. Wanda ya san hunturun Agadas a Disamba da Janairu ya san amfanin haka.

Matsalar magini ita ce rufi. Itacen da yake da shi azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya ko goriba. Gara ba ta cika cin ta ba, tana daɗewa, amma in aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta iya ratsa fiye da kamar mita 2 ba tare da ta lotsa ba. To yaya za a rufe soron da sarki zai zauna da jama'arsa? Dabarar da maginan Hausa suka fito da ita ita ce bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango, a ɗaure wata a kanta ta ɗan leƙo ciki, a ƙara wata ta fi ta leƙowa, hawa-hawa, daga wannan bango da wancan, har su gamu a tsakiya. A ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, sai ga baka ta fito sumul. In aka gicciya bakuna da yawa, sararin sama ya rarrabu gida-gida ƙanana, kowanne gajeriyar azara za ta iya rufe shi. Sai a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a daɓe, a fitar da indararo don ruwa ya sami hanya. Wannan gicciyen shi ake kira ɗaurin guga, don ya yi kama da sandunan da ake gicciyawa a bakin gugar fata.

Irin wannan aiki ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshensa a masallacin Juma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajejen shekarun 1830. Shi za ka gani a fadar Kano da ta Daura da ta Damagaram. Ganin sa a bakin hamada, a gidan jagoran Abzinawa, shaida ce ta yadda fasahar Hausa ta bi ayari ta yi nisa, kamar yadda harshen ya bi fatake ya iso mu nan.

In ka hau saman gidan kuwa, hasumiya na gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Asalinta tun wajejen 1515 ne, aka sake tayar da ita a 1844. Tsohon garin duka na shimfiɗe a ƙasa, launinsa ɗaya da ƙasar da aka gina shi da ita.

Ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada

Faransa ba ta da isasshen soja a Damagaram, wadda ita ce hedikwatar Nijar a lokacin. Sai aka ɗebo soja ta teku daga Dakar zuwa Ikko, Ingilishi suka ba su jirgin ƙasa har Kano, daga nan suka taka zuwa Damagaram. Ingilishin ma sun turo nasu sojan bakin iyaka, don suna tsoron kada wutar ta tsallako Kano da Sakkwato. Ranar 3 ga Maris 1917 rundunar Kanar Mourin ta shiga Agadas, bayan kusan kwana 80 ana kewaye da bariki. Kawsan da Tagama suka janye cikin duwatsu.

Waɗanda ba su gudu ba su suka biya. Malaman gari sun taru a masallaci suna neman amana, aka fito da su aka kashe. A Agadas da Ingal kaɗai an kashe wajen mutum 130 a bainar jama'a. Daga nan aka bi ƙauyuka da lambunan Abzin, aka kwashe raƙuma, aka tilasta wa mutane barin duwatsu. Dubbai suka gangara kudu, wasu Damargu, wasu har ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato. Ayarin gishiri ya daɗe bai farfaɗo ba. Tsofaffin Abzin sun riƙa ƙidayar shekarunsu daga shekarar Kawsan, kamar yadda namu ke ƙidaya daga wata babbar yunwa ko ambaliya.

Shi kuwa ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe a cikin duwatsu har 1918, sannan ya fice zuwa Tibasti, daga can ya koma Fazzan neman makamai. A nan ajali ya same shi, kuma ba a hannun Nasara ba. Masu iko da yankin a lokacin, waɗanda ke tare da Turkawa suna gaba da Sanusiyya, su suka kama shi suka rataye shi a Murzuk a watan Janairu 1919. Bai cika shekara 40 ba. Tagama kuma aka kama shi a 1919 aka kai shi kurkukun Damagaram. A ƙarshen Afrilu 1920 aka kashe shi cikin dare a ɗakin da yake tsare, bisa umarnin wani hafsan Faransa, aka ce wai shi ya kashe kansa.

Ba na so in yi muku kwaskwarima. Kawsan jarumi ne, ya tsaya wa mutanensa lokacin da aka mayar da su abin tatsa. Amma rundunarsa ma ta karɓi hatsi da dabbobi a hannun talaka, ta hukunta dangogin da suka ƙi bin ta, kuma da abin ya ɓaci, mai raƙumi ya hau ya tafi, malami da maɗinki da mai lambu su aka bari da takobin Nasara. Mai son ya yaba masa yana da hujja, wanda kakansa ya mutu a ƙofar masallacin nan ma yana da tasa. Ni dai ina ganin gidan ya fi mutum-mutumi faɗin gaskiya, don daga samansa kana ganin masallacin da aka fito da malaman.

Daga fada zuwa masaukin baƙi

Daga baya aka mayar da gidan otal. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da Agadas ta cika da masu yawon buɗe ido da 'yan tseren motoci na Paris-Dakar, jikokin waɗanda aka gina gidan don a kora su ne ke zama a soron suna cin abinci, su hau sama su ɗauki hoton hasumiya da faɗuwar rana. Ikon Allah ke nan. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka tsinke wannan kasuwa. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya, kuma gidan Kawsan na cikin gine-ginen da aka lissafa.

Wani zai ce bai dace ba gidan mai jihadi ya koma wurin kwanan 'yan yawon shan iska. Na fahimci mai wannan magana. Sai dai ginin ƙasa ba dutse ba ne, rai gare shi, kuma ransa mutane ne. Yana son a hau kansa kafin damina a share indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Indararo guda in ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, azara ta jiƙa, to shekara ɗari na iya zubewa a dare ɗaya. In kuma aka shafe bangon da siminti don a huta, danshi ya maƙale a ciki ya ci ƙasar a ɓoye. Mun ga wani sashe na masallacin Zariya ya rufta kan masallata a Agusta 2023. Mun ga tsohon masallacin Birnin Damagaram ya zube bayan ruwan sama a Satumba 2024. Waɗannan fa wurare ne da ake shiga kullum. Ina ga wanda aka kulle aka bar wa jemagu? Gidan da ke karɓar baƙi yana da mai shara, yana da wanda zai ga tsaga ya kira magini, yana da ɗan kuɗin biyan maginin. Abin da ya tsayar da gidan Kawsan fiye da shekara ɗari ke nan.

Mu kuma fa?

Garinmu sunan wani gwamnan Faransa a Dahome yake ɗauke da shi, Malan, alhali wurin yana da sunansa na asali, Tassi. Gwamnati ta kafa wa Bio Gera mutum-mutumi a Kwatano a 2022, kuma ya cancanta. Mu Hausawan Benin ba mu da yawa, ba kuma lalle a kafa wa wani namu irin wannan ba. Tarihinmu a ƙasar nan na fatake ne da malamai da mahauta da masu sufuri, kuma inda yake a rubuce shi ne zangunanmu na Kandi da Parakou da Djougou da nan Malanville: zauren da ayarin goro ya sauka, soron da malam ya karantar, ɗakin da mai masauki ya ajiye kayan baƙo. Kowace shekara ana rushe wasu a zuba bulo, kuma ban ga laifin mai neman ɗakin haya ba, iyali sun yi yawa, ruwan nan namu ma ya fi na Agadas ƙarfi.

Roƙona kaɗan ne. In gidanku na gado yana da zaure ko soro na ƙasa da ya rage, kafin a sa masa diga a zauna da tsofaffi a tambayi wa ya gina shi da waɗanda suka sauka a ciki, a rubuta, a ɗauki hoto da waya. In da hali a bar ko da zauren ne, a ba shi aiki: makarantar allo, shago, masaukin baƙin kasuwa. In kuma akwai tsohon maginin da ya iya tubali da ɗaurin azara a unguwarku, a haɗa shi da yaro ko biyu tun yana da sauran ƙarfi.

Allah ya jiƙan Kawsan da Tagama, ya jiƙan malaman Agadas da duk waɗanda suka rasa rai a wannan yaƙi, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. Amin.